Layin da ke riƙe da kuɗinka bai dace ya zama layin shago ba

Tambaya: Ina sayar da atamfa da shadda a Kantin Kwari. Tun ƙarancin takardun naira na 2023 kusan duk cinikina ya koma transfa. Waya ɗaya gare ni, da ita nake karɓar oda ta WhatsApp, da ita nake duba alat, kuma yarana biyu suna ɗaukarta su tura wa kwastomomi hotunan kaya. Kwanan baya aka ƙwace wayar maƙwabcin shagona da magariba, kafin gari ya waye an yashe asusunsa, alhali wayar a kulle take da lamba. Ta yaya haka ta faru? In sayi waya mai tsada ne, ko in koma ƙaramar waya mai madannai?

Amsa: Alhaji, Allah ya mayar wa maƙwabcinka da alheri. Ka yi daidai da ka shafa wa gemunka ruwa tun yanzu. Amma tsadar waya ba ta cikin lissafin nan, domin ba wayar aka buɗe ba. Layin aka cire.

Lambar da kake sa wa fuskar waya, wayar kaɗai take tsarewa. Wanda ya ƙwace ta ba ya ɓata lokaci a kanta. Zai zare sim ɗin ya sa a wata 'yar ƙaramar waya, daga nan a idon banki ya zama kai. Banki da layinka ya san ka: can yake tura alat, can yake tura lambar tabbatarwa ta OTP, kuma a kan layin ne lambobin USSD irin su *737# da *894# da *919# suke aiki. Duk wanda ke riƙe da layin da aka yi rajistar BVN da shi, yana danna *565*0# lambar BVN mai alƙaluma 11 za ta fito masa. Saura lambar sirri, ita kuma sau da yawa mu ke miƙa ta da hannunmu: shekarar haihuwa, ko 1234, ko alƙaluma huɗu na ƙarshen lambar wayar. Wani ma katin ATM da takardar NIN suna soke a bayan rigar wayar, an haɗa wa ɓarawo makulli da kwaɗo wuri guda. Idan bai sami kuɗi da yawa a ciki ba, yana iya cin bashin gaggawa da sunanka, ka wayi gari ga asara ga bashi.

Saboda haka aikin farko, wanda ba ya cin ko kobo, shi ne sa wa sim ɗin kansa PIN. Yana cikin saitin tsaro na waya, a wurin kulle sim. Da zarar ka kunna shi, duk lokacin da aka kashe waya aka kunna, ko aka mayar da sim ɗin wata wayar, ba kira ba saƙo sai an sa lambar. Akwai inda mutane ke tuntuɓe a nan. Wayar za ta fara neman tsohon PIN da layin ya zo da shi daga kamfani, kada ka yi cinke. Kuskure uku layin ya rufe sai da PUK, lamba mai alƙaluma takwas da ke jikin faffaɗan katin da aka ɓalle sim daga gare shi. Kuskure goma a PUK kuwa sim ya mutu ke nan. Ka kira 300, lambar sashen kula da masu hulɗa ta kamfanonin layi, ka tambayi PIN na asali, sannan ka canza shi zuwa naka.

Aiki na biyu shi ne wanda na fi so ka riƙe, ko da ka manta sauran. Ka raba layin kuɗi da layin shago. Lambar da ke kan allon shagonka da ledojinka da shafinka na Facebook, dubban mutane sun san ta, ciki har da waɗanda ba sayen atamfa ne ya dame su ba. Bai kamata a ce ita ce lambar da ke ɗaure da jarinka ba. Ka sayi sabon layi da NIN ɗinka, ba na yaro ko na ƙani ba, ka je banki ka cike fom a mayar da babban asusunka da BVN kansa. Ba ka ba kowa lambar, ba ka buɗe WhatsApp da ita, ba ka fita da ita a hannu cikin adaidaita sahu. A nan ƙaramar wayar da ka ambata take da amfani. Sai dai ka riƙa sa masa kati kana kira da shi ko sau biyu a wata, domin layin da ya daɗe ba a aiki da shi kamfani na karɓe shi ya sayar wa wani, alat ɗinka ya koma zuwa wayar baƙo.

Asusun ma biyu ya kamata. Ɗaya na karɓar ciniki, wanda kwastomomi suka sani, ɗaya na ajiya, wanda ba shi da kati kuma ka sa banki ya rufe masa USSD. Kullum kafin a tashi kasuwa ka kwashe cinikin ranar zuwa na ajiya, ka bar abin da zai ishe ka hidimar safe. A ce cinikin yini ya kai miliyan biyu, ka bar dubu ɗari biyu. In tsautsayi ya faɗa da dare, iyakar abin da za a iya taɓawa ke nan. Ka kuma rage iyakar abin da asusun shago zai iya fitarwa a rana. Ranar da za ka biya kuɗin dila sai ka ɗan sha wahalar ɗaga ta, wannan wahalar ita ce kuɗin gadi.

Batun yara. Ba zargi ba ne, amma wayar da hannu uku ke taɓawa ba ta da sirri. Yaro mai amana ma zai iya danna abin da bai sani ba, ko ya ara wa aboki ya yi kira. Ka saya musu wayar shago mai kyamara mai kyau, a sa WhatsApp Business, kada a sa manhajar da ke iya fitar da kuɗi. Idan suna buƙatar tabbatar da shigowar kuɗi kana waje, yawancin masu ba da na'urar POS suna da tsarin da yaro zai ga abin da ya shigo ba tare da ikon turawa ba. Ranar da yaro ya bar aiki, ko da an rabu lafiya, a canza lambobi, a kuma shiga WhatsApp wurin Linked devices a fitar da duk na'urar da ba a gane ba. Mutum na iya haɗa WhatsApp ɗinka da tasa wayar cikin ƙasa da minti ɗaya, ya zauna a gida yana karanta farashinka da sunayen masu sarinka.

Abin da ya fi cin 'yan kasuwa kullum ma ba ƙwace ba ne, alat na bogi ne. Saƙon tes mai ɗauke da sunan banki ana iya ƙirƙirarsa, hoton rasit kuwa gyara shi bai fi ɗinke bakin zani wuya ba. Mai wannan sana'ar ya san lokacinsa: dab da sallar Juma'a, ko jajiberin Sallah da shago ya cika, ga ɗan dako ya riga ya ɗora kaya. Zai ce netwok ne, ga shi an cire masa. Wataƙila gaskiya ne an cire masa, amma cirewa daga asusunsa ba shiga naka ba ne. Ƙa'idar shago ta zama ɗaya ga kowa, har da surukinka: kaya ba sa fita sai ka buɗe manhajar banki da kanka ka ga ragowar kuɗinka ya ƙaru. Idan kuɗin ya maƙale, ka karɓi lambar hada-hadar mai alƙaluma 30 da ke jikin rasit na gaske, da ita banki ke bin sawu, kayan kuma su jira.

Akwai ƙanwar wannan dabarar. Kuɗi na gaske ya shigo maka, wani ya kira yana roƙo wai kuskure ya yi, ka taimaka ka mayar masa ta wani asusun daban. Kada ka tura. Mai yiwuwa kuɗin sata ne ake so a wanke ta hannunka, in bincike ya zo asusunka za a rufe. Ka ce ya bi ta bankinsa, kai ma ka sanar da naka a rubuce.

WhatsApp ɗin ɗan kasuwa dukiya ne, don abin da ke cikinsa amana ce ta shekaru. Hanyar sace shi ba ta canzawa sosai. Wani zai kira da sallama mai daɗi, ya ambaci sunan ƙungiyarku ta kasuwa ko ta tsofaffin ɗalibai, ya ce za a yi taro ta intanet, an turo maka lamba shida, ka karanto masa don a sa sunanka. Wannan lambar ita ce ta rajistar WhatsApp ɗinka a wayarsa. Wani kuma zai ce ka danna wasu lambobi masu farawa da **21*, wanda ke karkatar da kiranka zuwa layinsa, sai ya karɓi lambar ta kiran murya. Idan kana shakkar an taɓa sa ka yin haka, danna ##002# ya soke duk wata karkatarwa. Maganin asali shi ne kunna Two-step verification a saitin WhatsApp, ka sa PIN mai alƙaluma shida da adireshin imel. In ɓarawo ya riga ka sa nasa PIN ɗin, kana iya jiran kwana bakwai kafin ka dawo ciki, a kwanakin nan kuwa an roƙi kwastomominka rance da sunanka.

Ka juya abin ta ɗaya gefen. WhatsApp ɗin wanda kake sarin kaya a wurinsa a Legas ko Kwatano shi ma ana iya sace shi. Duk ranar da saƙo ya zo cewa an canza asusu, a tura kuɗi wannan sabon, ka ajiye rubutu ka kira shi a lambar da ka saba, ka ji muryarsa, ka tambaye shi abin da ku biyu kaɗai kuka sani, kamar adadin turamen odar baya. Ka duba sunan da ya fito kafin ka sa PIN. In kuɗin mai yawa ne, fara da dubu ɗaya ya tabbatar ya gani.

Game da yawo a intanet, abu biyu ne ke kawo ɓarna: mahaɗin da aka turo maka, da manhajar da ka sauke a gefe. Saƙon tallafin gwamnati, kyautar data, ko barazanar za a rufe BVN ɗinka yau, duk shafi ɗaya suke kai ka, mai neman lambar kati da PIN. Ɗan kwaɗon da ke gefen adireshi ba shaidar gaskiya ba ne, shafin damfara ma yana da shi. Banki ba ya tambayar PIN ko OTP, ko ta waya ko ta saƙo. Ka kuma kula da wannan: idan ka rubuta ƙorafi a ƙarƙashin shafin banki a Facebook ko X, waɗanda za su fara amsa maka a akwatin sirri, da tambarin bankin a hotonsu, galibi ba ma'aikatan bankin ba ne. Lambar da ke bayan katinka ita ce ta gaskiya.

Manhajoji kuwa, GB WhatsApp da ire-irenta da ake turawa ta Xender ba su da gurbi a wayar kuɗi. Ba ka san wanda ya ƙera su ba, ba ka san abin da ya cusa ciki ba. Manhajar tocila ko ta gyaran hoto da ke neman izinin karanta saƙonninka, OTP ɗinka take nema. Ka sauke daga Play Store kaɗai, kuma idan waya ta nemi sabuntawa ka bar ta ta yi, kada ƙyashin data ya hana. Wi-Fi na otal ko filin jirgi bai kai waɗannan haɗari ba, ka dai yi harkar banki da datarka. In za ka kai gyara kasuwar waya ta Farm Centre ko ka bayar da caji, zare sim ka sa a aljihu.

Idan duk da haka aka ƙwace wayar, awa ɗayan farko ita ce komai, kuma a lokacin kai ba ya aiki. Don haka tun yau ka rubuta a takarda, ka ajiye ɗaya a gida ɗaya a shago: lambobin asusunka, lambar kiran kowane banki, PUK, da IMEI, lambar shaidar wayar mai alƙaluma 15 da ke fitowa in ka danna *#06#. Ban da PIN, shi a ka yake zama. Ka tambayi bankinka lambar rufe asusu daga wayar wani, misali ta Zenith *966*911# ce, ta Access *901*911#. Asusu ake fara rufewa, sannan a kira kamfanin layi a toshe sim, kada a tsaya bin sawun ɓarawo ko jiran safiya. Washegari ka je da NIN a yi maka walkam bak, ka dawo da WhatsApp, ka sanar da kwastomomi kada su tura kuɗi ko'ina sai sun ji daga bakinka.

In kuɗi ya riga ya fita, ka kai ƙorafi banki a rubuce a ranar, ka karɓi lambar ƙorafin, ka nemi su tuntuɓi bankin da kuɗin ya faɗa a riƙe shi kafin a kwashe. Ka yi rahoto wurin 'yan sanda ka riƙe takardar. Idan mako biyu suka wuce banki bai warware ba, kana da damar ɗaukaka ƙara zuwa sashen kare haƙƙin masu hulɗa na Babban Bankin Najeriya, ka haɗa da lambar ƙorafin farko. A tsakanin nan za a sami wanda zai kira ka ya ce shi jami'i ne ko gwanin kwamfuta, zai dawo maka da kuɗinka in ka biya wani abu tukuna. Kashe wayar, sau da yawa mutanen farko ne suka dawo ɗibar saura.