Katin tarot da koyon ɗinki bayan ritaya

Tambaya: Ni malamar firamare ce da na yi ritaya, shekaruna 58, kuma na daɗe ina sha'awar koyon ɗinki, sai dai ina jin nauyin zama cikin 'yan mata sa'o'in jikokina. 'Yata da ke karatu a Ingila ta turo mini hoton wani kati da ake kira tarot, ta ce ƙawarta ta zaro shi da sunana, kuma wai yana nuna lokacin koyon sana'a ya yi. Mene ne wannan kati, kuma ya dace in dogara da shi? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Hajiya, tarot kati ne na Turawa mai ɗauke da hotuna, guda 78 a cikakken jeri. Ya samo asali a arewacin Italiya wajajen shekarun 1440, kuma a lokacin wasa kawai ake yi da shi a gidajen masu mulki irin na birnin Milan. Sai a ƙarshen ƙarni na 18 wasu mutane a Faransa suka fara duba da shi, suna danganta shi da tsohuwar Masar ba tare da wata hujja ta tarihi ba. Jerin da ya fi yaɗuwa a yau an buga shi ne a Landan a shekarar 1909. A cikinsa akwai katin da ake fassarawa da koyon sana'a: wani mutum zaune a kan benci da guduma da kurfi a hannu, yana sassaƙa tauraro a jikin faifai mai kama da kwabo, waɗanda ya gama suna rataye a gefensa, gari kuma yana can nesa a bayansa. Ina kyautata zaton shi aka turo miki.

Game da dogaro da shi, amsata ita ce a'a. Zaro kati da sunan mutum domin a faɗa masa abin da ke gabansa duba ne, ko da an canza masa suna, kuma hadisin da Muslim ya ruwaito ya bayyana cewa wanda ya je wa mai duba ya tambaye shi wani abu, ba za a karɓi sallarsa ta kwana arba'in ba. Ba ke kika nema ba, don haka ki kwantar da hankalinki, sai dai ki yi wa 'yarki nasiha cikin taushi. Idan kina neman zaɓi, ga istihara, ga kuma shawarar telolin da suka daɗe a harkar.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarki shi ne jin nauyin nan, domin shi ne yake zaunar da mata da yawa masu basira a gida. Mu da muke cewa gemu ba ya hana ilimi muna da tarihin da ya gaskata maganar. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo, wadda ta rasu a 1864, ta dogara da jajis, wato malamai mata da ta horar, galibinsu masu shekaru, wajen kai karatu ƙauyuka ta tsarin 'Yan Taru. Azuzuwan yaƙi da jahilci na shekarun 1950 sun cika da magidanta, kuma hukumar ilimin manya ta Jihar Kano da aka kafa a 1980 ta samu lambar yabo ta UNESCO. A Kenya ma, Kimani Maruge ya shiga aji ɗaya na firamare a 2004 yana da shekara 84.

Gaskiya ne cewa shekaru suna rage saurin kama sabon abu, kuma bayan arba'in ido yakan gaza ganin abin da ke kusa, saboda haka ki fara da zuwa a auna miki tabarau, tun kafin zura zare a allura ya sa ki yanke ƙauna. Ki nemi tela mace da za ta ware miki awa ɗaya da safe, kafin shago ya cika da masu kawo ɗinki. Makonnin farko ki taka keke ba zare, kina bin layin da aka ja a takarda har ƙafa da hannu su saba da juna, sannan ki koma kalmasa bakin zani da ɗinkin rigar matashi. Yankan atamfa mai tsada ya jira sai kin gwada hannu a kan tsofaffin zannuwa. Gajeren zama kullum ya fi doguwar rana ɗaya a mako amfani, domin hannu da maimaici yake koyo. Kina kuma da abin da 'yan matan ba su da shi, wato shekarun da kika yi kina koyar da lissafi, wanda shi ne ginshiƙin awo da yanka, kuma a nan ne sababbin shiga suka fi yin asarar yadi.