Yadda muke rainon ƙananan yara a Bronx

Yaya, bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, ke da Malam da yara da mutanen Jekadafari baki ɗaya, na ga tambayarki a kan maganar da ake yi a Gombe, cewa mu da muka zauna a Amurka muna miƙa wa hukuma 'ya'yanmu tun bakinsu bai gama buɗewa ba, mu tafi neman kuɗi. Da yake ajin rainon yara kike koyarwa a makarantar gwamnati, na san ba tsegumi ya sa kika tambaya ba.

Abin da ya kamata ki fara sani shi ne, a nan babu tsakar gida. A Gombe mace takan tafi awo ko kasuwa ta bar ɗanta wajen kakarsa ko faccalarta, ba tare da ta ɗauki hakan a matsayin alfarma ba. Mu kuwa a Bronx, cikin birnin New York, iyali kan zauna a ɗaki biyu a saman bene, maigida yana tuƙin tasi, matar tana kula da tsofaffi a gidajensu ko tana kitso a shago. Barin jariri a hannun yayarsa 'yar shekara takwas, wanda ba komai ba ne a gida, a nan yana iya jawo jami'an kare yara har ƙofar mutum. Gidajen raino na kuɗi kuma sai su cinye mafi yawan albashin mai ƙaramin aiki.

Shi ya sa marasa ƙarfi a cikinmu suke dogara da shirin gwamnatin tarayya mai suna Head Start, wanda aka fara a 1965 zamanin Shugaba Lyndon Johnson, a cikin yaƙin da ya ƙaddamar da talauci. Da farko karatun mako takwas ne kawai lokacin dogon hutu, amma yara sama da rabin miliyan suka shiga. Yau yana ɗaukar 'yan shekara 3 zuwa 5 kyauta, muddin abin da iyayensu ke samu bai haura ma'aunin talauci na gwamnati ba, kuma dokar 1994 ta ƙara masa reshe na masu juna biyu da yaran da ba su kai shekara 3 ba. Abin da zai ba ki mamaki, ke da kika saba da hukumar ilimin bai ɗaya, shi ne ba a ƙarƙashin ma'aikatar ilimi yake ba. Ma'aikatar lafiya da jin daɗin jama'a ce ke riƙe da shi.

Ban gane hikimar hakan ba sai da Auta ya shiga. Ƙa'ida ce a duba ji da ganin kowane yaro cikin kwana 45 da shigarsa, kuma a wannan dubawar aka gano cewa yaron da nake yi wa faɗa kullum saboda manna fuska a jikin talabijin, ashe ba ya gani sosai ne. Aka haɗa mu da likitan ido, aka yanka masa tabarau. Suna cin abinci tare da malamarsu a tebur ɗaya, kowa ya zuba da hannunsa, bayan nan su jeru a gaban famfo, kowane yaro ya ɗauki buroshin da aka rubuta sunansa a jiki ya goge haƙora. Haruffa da ƙirga suna nan, amma a cikin wasa da waƙa ake shigar da su.

Malama kuma sai ta ziyarci gidan kowane yaro sau biyu a shekara. Ranar da tamu ta fara zuwa na yi shara da girki kamar surukai nake jira, gabana yana faɗuwa don na zaci bincike ne. Ta cire takalminta a bakin ƙofa, ta zauna a kan darduma, ta tambaye ni sunan da muke kiransa da shi a gida, da abin da ke lallashinsa idan ya fara kuka. A ganina wannan ziyarar ta fi duk kayan wasan da ke ajin amfani, kuma ita ce abin da za ki iya gwadawa a Gombe ba tare da jiran kasafin kuɗi ba, in dai yawan ɗalibai ya bar ki.

Iyaye ma suna da bakin magana, domin doka ta ce su ne za su fi yawa a majalisar da ke duba tsarin cibiyar. A can muka kai kukanmu a kan nama, aka amince a riƙa ba 'ya'yan Musulmi kifi ko wake ko ƙwai.

Kada ki ɗauka ko'ina lafiya lau. Gurabe ba sa isa, kuma wanda albashinsa ya ɗan haura ma'auni yana iya rasawa alhali bai fita daga talauci ba. Mu a New York mun samu sauƙi tun 2014, da birnin ya buɗe aji kyauta ga duk ɗan shekara 4, sannan a 2017 aka fara na 'yan shekara 3 daga kudancin Bronx. Amma ana tashi tun rana ba ta yi sanyi ba, uwa kuwa tana wajen aiki. A nan ne namu tsarin yake shigowa: dattijan mata daga zangunan Gana da kuma Nijar, waɗanda yara ke kira Kaka, su ke ɗauko su, su ba su tuwo, su riƙe su zuwa magariba, a sallame su da ɗan abin da ya samu, wani lokaci sai an kwashi adashi. Asabar da Lahadi kuma Islamiyya ce a masallaci.

Bulala dai babu ita, kuma wajibi ne malama ta kai rahoto idan ta ga tabon duka a jikin yaro. Da farko mun ji zafin wannan, amma ni yanzu ba na kewar ta.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne harshe. Bai cika shekara a ajin ba Auta ya fara amsa mini da Turanci, kuma ba zan ɗora wa malamarsa laifi ba, tunda ita ce ma take roƙona in ci gaba da yi masa Hausa a gida. Mu ne muke dawowa a gajiye mu bi harshen da ya fi sauri. Don haka ina roƙon ki, idan kin je gaida Inna ranar Juma'a, ki sa ta yi tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi ki naɗa ki turo mini ta WhatsApp. Jiya na ce masa "ga ta nan, ga ta nanku", sai ya waiwaya yana neman wadda ta shigo.