Tambaya da Amsa: Kyamarata za ta iya kamo watannin Jupita?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da kyamarar dijital ta ɗaukar hoton yau da kullum, lensinta yana janyo abu har milimita 300. Na ji an ce ana ɗaukar hoton watannin da ke kewaya duniyar Jupita ba tare da madubin hangen nesa ba. Na gwada da daddare, amma abin da ya fito farin ɗigo ne mai jela, ba komai a gefensa. Shin zance ne kawai, ko kyamarar ce ba ta kai ba?
Daga wani mai karatu

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kyamararka ta kai har da saura, domin lensin milimita 200 ma yana kamo su. Lokacin da Galileo ya fara hango su a birnin Padua na Italiya, ranar 7 ga Janairun 1610, madubin da ke hannunsa bai wuce ya ninka girman abu sau ashirin ba. Uku ya gani a daren farko, sai bayan 'yan kwanaki na huɗun ya bayyana. Su ne Iyo, Yuropa, Ganimid da Kalisto, kuma ba ƙanana ba ne, Ganimid ya ma fi duniyar Makyuri faɗi. Haskensu ya isa ido ya gan su a dare mai duhu, Jupita ne ke danne su, don ya fi su haske sau ɗaruruwa. Kamar ka nemi ƙyastun ashana ne a jikin fitilar mota.

Jelar nan da ka gani ita ce ta tona asirin abin da ya faru. Ka bar kyamara ta yi wa kanta hukunci, ita kuwa da ta ga duhu sai ta bar ƙofar haske a buɗe na sakan da yawa. A cikin wannan lokacin hannunka ya motsa, ƙasar da kake tsaye a kai ma tana juyawa, sai hoton ya ja layi. Lensin da ya janyo Jupita kusa shi ne kuma ke ninka kowace girgiza.

To ka kafa kyamarar a kan mazauninta mai ƙafa uku. In babu, ɗora ta a kan katanga ka tokare ta da tsumma. Ka murɗa ta zuwa harafin M, wato inda kai ne ke saita komai da hannunka, ka janyo lensin har ƙarshe, ka buɗe shi iyakar buɗewarsa, wanda a irin lensinka yawanci f/5.6 ne. Ni nakan fara da ISO 800 (ISO shi ne ma'aunin yadda kyamara ke jin haske), in bar ƙofar haske a buɗe rabin sakan, in duba. In watannin ba su fito ba sai in kai sakan ɗaya ko in ɗaga ISO zuwa 1600. Kada ka zarce sakan ɗaya da yawa, jelar za ta dawo. Kuma kada yatsanka ya taɓa kyamara lokacin ɗauka. Ka sa mata agogon jinkiri na sakan biyu ko goma, ka janye hannu. Na'urar hana girgiza da ke jikin lensi ka kashe ta, tunda kyamarar a kafe take.

Inda aka fi yin asara shi ne saita gani. Kyamara ba ta iya saita kanta a kan ɗigo cikin duhu, sai ta yi ta kai da komo. Ka mayar da saitin hannunka, ka buɗe allon baya, ka ƙara girman Jupita a kan allon sau biyar ko goma, sannan ka riƙa murza zoben lensi a hankali har ɗigon ya tsuke iyakar tsukewa. Sau da yawa tun a nan za ka ga wasu ƙananan ɗige-ɗige sun tsiro a gefensa. Kada ka yarda da alamar nesa (∞) da aka zana a jikin lensi, yawancinsu suna wuce ta kaɗan. Shi kuwa zum na dijital, ban ga amfaninsa ba, kumbura hoton kawai yake yi.

Jupita zai fito fari fat, ba za ka ga zanen da ke jikinsa ba. Ka haƙura da wannan, hasken da ya isa watannin ya yi masa yawa. Masu son duka biyun hoto biyu suke ɗauka, gajere da dogo, su haɗa a kwamfuta. A milimita 300 dai ƙwallon nasa ƙarami ne ƙwarai, ban ba ka shawarar wahalar ba.

Ta yaya za ka tabbatar watanni ne ba taurari ba? Suna jeruwa kusan a layi ɗaya da ya ratsa ta tsakiyar Jupita, kuma ko Kalisto da ya fi nisa ba ya wuce kusan sulusin faɗin cikakken watanmu. Abin da na fi so ka yi shi ne ka sake ɗauka gobe da jibi, ka jera hotunan. Iyo yana gama zagayensa cikin awa 42 da 'yan kai, Yuropa kwana uku da rabi, Ganimid mako guda, Kalisto kusan kwana 17, don haka jerin yana sauyawa kowane dare. In ka ƙirga uku ko biyu, sauran sun shiga bayansa, ko gabansa, ko inuwarsa. Manhajar Stellarium kyauta ce, za ta nuna maka wane ne wane a daidai lokacin da ka ɗauka.

Ka jira Jupita ya hau sama sosai, domin kusa da ƙasa iska tana dagula hoto. Lokacin da ya fi kusa da mu yana zagayowa duk bayan wata 13, a nan yake fitowa da faɗuwar rana ya kwana a sama. In hannunka ya faɗa, ka gwada Taitan, watan da ke kewaya duniyar Satan (Saturn, mai zobe), wanda Christiaan Huygens ya gano a 1655. Ya fi waɗannan dushewa sosai, sai ka ƙara ISO kuma ka nemi wuri mai duhu nesa da fitilu.