Tambayoyinku kan fasaha: allon Arduino da ya ƙi tsayawa

Tambaya: Malam, ina so allona na Arduino Uno (ƙaramar kwamfutar sarrafa na'urori) ya riƙa turo awon zafi daga na'urar aunawa ta DS18B20 zuwa Serial Monitor (tagar kwamfuta da ake musayar rubutu da allo) na tsawon sakannin da na rubuta masa. Na sa madauki mai ƙirga zagaye, kowane zagaye da delay(1000), wato jiran milisakan 1000, sakan ɗaya. In na ce 30 sai ya wuce sakan 50. Da na koma lissafin agogo kuma, in na ce 40 ba ya tsayawa sam. (Ɗalibin lantarki daga Zariya)

Amsa: Zai tsaya, ɗan'uwa, ka dai ba shi kwana 49. Cuta biyu ce ta kama shirinka, kuma duka biyun da hannunka ka saka su.

Ta farko ita ce delay(), wadda ba na gajiya da yi mata tsiya. Zagaye kake ƙirgawa, kana ɗauka sakan ne. DS18B20 kan ci milisakan 750 kafin ya gama awo in yana kan bit 12, kai kuma ka ɗora masa barcin 1000. Kowane zagaye ya zama sakan 1.75, sau 30 ya ba ka 52 da rabi. Ga kuma abin da ya fi ba ni haushi: muddin allo yana cikin delay(), ba ya duba maɓalli, ba ya karanta abin da ka turo. Saƙonka yana nan jibge a ma'ajiyar shigowa, wadda a Uno bayit 64 kawai take ɗauka, abin da ya biyo baya ya zube. Mai gadi ne ka ɗauka, sannan ka ce ya yi barci tsakanin kowane sintiri. Ku bar delay() wa darasin farko na kunna ƙwan LED, can ne gidansa.

A duba agogo kawai. millis() yana ba da milisakan nawa suka wuce tun da allo ya tashi. Ka ajiye lokacin farawa, ka riƙa ɗebe shi daga na yanzu:

unsigned long farawa, tsawo, naBaya;
bool aiki = false;

void loop() {
  if (Serial.available() > 0) {
    long sakan = Serial.parseInt();
    if (sakan > 0) {
      tsawo = sakan * 1000UL;
      farawa = millis();
      aiki = true;
    }
  }
  if (aiki && millis() - farawa >= tsawo) {
    aiki = false;
    Serial.println("An gama");
  }
  if (aiki && millis() - naBaya >= 1000) {
    naBaya = millis();
    Serial.println(analogRead(A0));
  }
}

Inda na sa analogRead ka sa naka awon. In da ɗakin karatun DallasTemperature kake aiki, ka kira setWaitForConversion(false), ka nemi awo a zagaye ɗaya, ka karanta shi a na gaba, don kar barcin 750 ya dawo ta taga. Riba ta biyu: ko ana tsakiyar aiki ka rubuta sabuwar lamba, nan take lissafi zai koma sabo.

Cuta ta biyu tana cikin haruffan nan biyu, UL, da na liƙa wa 1000 don ninkawar ta zama ta unsigned long, babbar ma'ajiyar lamba. A Uno, int, ƙaramar ma'ajiyar lamba, bit 16 ne, iyakarsa 32,767. Sakan 32 sau 1000 ya shiga, 33 ya fi ƙarfinsa. Naka 40,000 ɗin ya kife ya zama -25,536, da ka zuba shi a unsigned long kuma ya rikiɗe ya koma sama da biliyan 4, wato kwana 49 da awa 17. Ko da ma'ajiyar da za a zuba amsar babba ce, ninkawar da int aka yi ta, ɓarnar ta riga ta faru. Duk abin da ya shafi lokaci, unsigned long. Ba na son jin wani uzuri.

Kuma kar wani ya yi mini wayon rubuta millis() >= farawa + tsawo. Agogon yana komawa sifili bayan kusan kwana 50. Ɗebewa tana tsallake wannan lafiya, tarawa kuwa tana ruɗewa a daidai gaɓar.

Tambaya: Duk lambar da na tura, sai wani 0 ya biyo bayanta ya soke aikin. (Daga Maraɗi)

Amsa: Harafin sabon layi ne da Serial Monitor yake liƙawa. parseInt() ya ɗauki lambar, ya bar shi, ya dawo ya tarar ba lamba, ya jira sakan ɗaya, ya ba ka 0. Shi ya sa na sa sharaɗin sakan > 0 a sama. Ƙara Serial.setTimeout(50) a setup() don jiran ya gajarce, ko ka zaɓi No line ending.

Tambaya: Allona na ESP32 yana rubuto wasu haruffa kamar rubutun aljanu.

Amsa: Aljanu ba su san da kai ba. Lambar saurin aika saƙo da ke cikin Serial.begin() da ta Serial Monitor su zama ɗaya. Saƙon tashin ESP32 a 115200 yake fitowa, ka sa naka ma haka ka huta.

Tambaya: Me ya sa lissafina yake komawa farko duk sanda na buɗe Serial Monitor?

Amsa: Haka aka ƙera Uno, buɗe tashar yana sake tayar da allon ta layin siginar da ake kira DTR. Buɗe tukuna, sannan ka rubuta lambar.

Tambaya: Na cire jira gaba ɗaya, amma layukan ba sa gudu yadda nake so a 9600.

Amsa: A 9600 haruffa kusan 960 ne a sakan, domin kowane harafi bit 10 yake ci. Layi mai haruffa 48 ba zai fita fiye da sau 20 ba. Koma 115200, ka kuma rage surutun da ke cikin layin.

Tambaya: Kwamfutata ba ta ganin allon da na sayo a kasuwa.

Amsa: Duba ƙaramin guntun da ke kusa da bakin USB. In CH340 ne, sauke direbansa. In har yanzu shiru, canza kebul.