Kuɗin siyasa da ƙungiyar dillalan gidaje ke tarawa a Amurka, cin hanci ne?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni dillaliyar gidaje ce a Amurka, ina cikin ƙungiyar dillalai. Duk shekara in takardar kuɗin ƙungiya ta zo sai in ga an saka wani layi na gudummawar RPAC, wato asusun da suke tara kuɗi suna ba 'yan takara, an ce ba dole ba ne amma ogan ofishinmu kullum cikin tuni yake, har ya ce in bayar da sunana shi zai mayar min. Malam wannan ba rashawa ba ce?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Hajiya Allah ya yi wa nema albarka. Ita dai sana'ar halal ce, Imam Bukhari ya kawo cewa Ibn Sirin da Ata'u da Ibrahim da Hasan ba su ga laifi a ladan dillali ba.

Toh sai asusun. Babbar ƙungiyar dillalan gidaje ta Amurka mai hedikwata a Chicago, mai mambobi sama da miliyan ɗaya, ita ta kafa shi a 1969, kuma ba jam'iyya ɗaya suke ba, 'yan Democrat da 'yan Republican duk suna samu in dai suna kare sana'ar. Dokar tarayya ta yi wa abin iyaka, mutum ba ya wuce dala 5,000 a shekara wa irin wannan asusu, shi ma asusun ba ya ba ɗan takarar tarayya fiye da dala 5,000 a kowane zaɓe, kuma ana bayyana kuɗin a gaban hukumar zaɓe.

Rashawar da Annabi (SAW) ya tsine wa mai bayarwa da mai karɓa, a hadisin Abdullahi ɗan Amr wajen Abu Dawud da Tirmizi, ita ce abin da ake ba mai hukunci don ya danne gaskiya ko ya tsayar da ƙarya. Ita ce Allah ya hana a Baƙara aya ta 188, a kai dukiya wajen mahukunta don a ci wani yanki na dukiyar mutane da zunubi. Kuɗin da ya shiga asusun kamfen a fili, ba aljihun mutum ba, kuma ba a gindaya sharaɗin wani hukunci takamaimai ba, ba zan iya kiransa rashawa kai tsaye ba, don haramtawa sai da dalili. Amma fa yana kusa da ita sosai, wanda ya ba ɗan majalisa kuɗi yau gobe ƙofarsa a buɗe take gare shi, kuma kin san da Ibn Lutbiyya ya dawo daga karɓar zakka yana cewa wannan naku ne wannan kuma kyauta aka ba ni, Annabi ya ce me ya hana shi zama a gidan uwarsa da ubansa ya ga ko za a kawo masa. Duk ranar da aka ce ga kuɗi amma ka sa hannu a ba mu izinin filin nan, ko kansila ya juya ƙuri'arsa a kan gini kaza, wannan rashawa ce ko da wane suna aka kira ta.

Ni abin da ya fi damuna ma wani wajen yake. In kin zuba kuɗi a asusun nan kin wakilta wasu mutane ne su raba a madadinki, ba ke ke zaɓar ɗan takara ba, ba a tambayarki. Me suke karewa? Akwai mai kyau, irin rage harajin cinikin gida da sauƙaƙa wa mai ƙaramin ƙarfi mallakar muhalli. Amma cikin manyan abubuwan da ƙungiyar ta daɗe tana yaƙi a kai akwai rangwamen haraji a kan kuɗin ruwan bashin gida, lokacin dokar haraji ta 2017 sun yi ta fafutuka kada a taɓa shi, kinga wannan ƙarfafa tsarin riba ne ƙarara, kuma hadisin Jabir a Muslim bai tsaya kan mai ci da mai bayarwa ba, ya haɗa da marubuci da shaidu biyu. Sannan kada ki ɗauka abin da ke amfanar dillalai shi ne adalci kullum, wannan ƙungiyar ce ta yi adawa da dokar 1968 da ta hana wariya wajen sayar da gida da haya, dokar da ke kare baƙar fata da Musulmi irinki, sai a 2020 ta fito ta nemi afuwa. Allah ya ce a taimaki juna kan alheri da taƙawa kada a taimaki juna kan zunubi da ƙetare iyaka, a wannan asusun an cakuɗa biyun a tukunya ɗaya kuma ba ki da hanyar tsame naki.

Saboda haka abin da na gani, ban ce haramun ce yanke ba, wanda ya bayar da nufin kare haƙƙi ba zan ce ya yi cin hanci ba, amma barin ta ya fi tunda ba a tilasta miki ba kuma shubuhar a fili take. Ki cire layin ki biya sauran. Kuɗin mamba kuwa, in sai da shi za ki yi aiki ki shiga rumbun tallan gidaje, wannan ki biya ba komai, buƙatar sana'a ce. In kuma wata doka ta zalunci ta taso a garinku, ko wani ɗan takara da kika san amanarsa yana tsaya wa 'yan haya ko izinin gina masallaci, ki ba shi kai tsaye da hannunki, wannan ya halatta har ana sa ran lada, Annabi ya yabi Hilful Fudul, wato ƙawancen da aka ƙulla a Makka kafin Musulunci don kare wanda aka zalunta, alhali ba Musulmi suka ƙulla shi ba. Amma ba daga zakka ba, kuma sai in kina da takardar zama ɗan ƙasa ko katin zama na dindindin, doka ta hana wanda ba shi da su bayarwa.

Maganar oga kuwa kada ki yarda ko kaɗan. Ki bayar da sunanki ya mayar miki ƙarya ce a rubuce, yaudarar hukuma ce, kuma laifi ne a dokar tarayya da zai iya jefa ku duka biyu cikin shari'a. Matsin da yake yi ma bai da hurumi, dokarsu ta ce gudummawar ganin dama ce ba a hukunta wanda ya ƙi, shari'armu kuma ta ce dukiyar Musulmi ba ta halatta sai da daɗin ransa. Ki faɗa masa cikin ladabi cewa addininki ne ya hana, ki ajiye saƙonnin da yake turo miki.

Wallahu a'alam.