Ina zan baje zanena a Legas?

Malam, ka ce kana zane da aikin fata a Agege, kana neman inda za ka baje su ban da bakin titi.

Fara da buɗe ido. Leƙa Nike Art Gallery a Lekki, shiga kyauta ne, bene hawa-hawa cike da zane da adire. Duba yadda suke sa firam da jera kaya. Terra Kulture a Victoria Island ma suna baje koli. ART X kuwa, babbar kasuwar baje kolin zane ta Legas da aka fara a 2016, ta manya ce, bar ta tukuna. Ƙananan gidajen zane na unguwa sun fi karɓar sabon hannu. Kai musu hotunan aikinka masu haske, da awon kowanne.

Ni inda na ƙone, na bar zane uku a wani gida ba takarda. Bayan damina na tarar ɗaya ya yi fumfuna, danshin Legas ba ya raga wa fata, kuma kowa ya zame. Don haka ku rubuta kason da za su cire, da ranar biya, da wanda zai ɗauki asara. In har za su buga hotunan aikinka su sayar, bari lauya ya duba kafin ka sa hannu.