Yayana ya kashe kansa, a gida an daina ambaton sunansa

Tambaya: Likita, yayana ya daɗe yana fama da ciwon ƙwaƙwalwa mai sauya yanayin mutum (bipolar). Da ya ji sauƙi ya ajiye magani, daga baya ya kashe kansa. A gidanmu ba mai ambaton sunansa, wasu ma cewa suke bai cancanci addu'a ba. Ni kuma kullum gani nake sakacina ne.

Amsa: Allah ya jiƙansa, ya ba ku haƙuri, 'yar'uwa.

Ciwon nan fuska biyu gare shi. Akwai lokacin zumuɗi: barci ya ƙaurace, surutu ya yi yawa, a kashe kuɗi ba lissafi. Sai kuma damuwa mai nauyi ta biyo baya, mutum ya kasa tashi daga shimfiɗa, ya riƙa ganin ya zame wa iyalinsa kaya. A wannan hali tunaninsa ba irin na mai lafiya ba ne. Ajiye magani don an ji sauƙi kuwa kullum muna ganinsa a asibiti, kuma yana da haɗari ƙwarai, domin magani irin litiyam yana rage yiwuwar kashe kai, yanke shi kwatsam kan dawo da ciwon da ƙarfi.

Alamun da kike ganin kin yi sakaci da su, bayan abin ya faru ne suka fito miki fili. Mu kanmu likitoci ba ma iya faɗin ranar da mara lafiya zai kai ga haka, balle ƙanwa.

Fatawa ta malamai ce, amma sanannen abu ne cewa jumhurinsu sun tafi a kan a yi wa Musulmin da ya kashe kansa sallah, a roƙa masa gafara, kuma hadisi ya ce an ɗauke alƙalami daga wanda hankalinsa ya gushe. Ki yi masa addu'a, ki yi masa sadaka, ki ba 'ya'yanki labarin kirkinsa. Shirun gidanku ne ma ya fi damuna, don ciwon yakan bi jini, kuma inda ba a zancensa ba a saurin gane shi a jikin wani.

Idan barci ko cin abinci ya gagare ki makonni, ki ga likitan ƙwaƙwalwa. Akwai asibitocinsu a Dawanau a Kano, Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato da Maiduguri. In kuwa tunanin bin sa ya taɓa zo miki, ki faɗa wa wanda kika yarda da shi, ya raka ki asibiti a ranar.